Kafin Mu Ce Yaro Ya Kangare

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara, a madadinsa da mai ɗakinsa

    

 An saba jin jawabai a wannan dandali a kan rijiyoyin burtsatse da gyaran azuzuwa da tallafin karatu, kuma dukansu abubuwa ne masu muhimmanci. Mu dai yau cikin gida za mu shiga, mu taɓo wata magana da yawancinmu muke rufewa: maganar yaron da ya gagari iyayensa da malamansa tun yana ƙarami. Mu ba likitoci ba ne. Iyaye ne da muka yi shekara biyar muna dukan ɗanmu a kan abin da daga baya muka gane lalura ce. Mun yi shawara da shi kafin mu tsaya a nan, ya kuma amince, bisa sharaɗin ba za mu ambaci sunansa ba.

Yadda abin ya faro

Shi ne na uku a cikin 'ya'yanmu biyar. Tun yana shekara 4 muka lura ba ya iya zama wuri ɗaya ko da na tsawon cin abinci. Yakan haye katanga, ya tsallaka titi ba tare da ya duba ba. In aka aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana, wani lokaci ma ya dawo hannu rabbana, ya manta abin da ya fitar da shi. A Islamiyya ba a tashi sai an zane shi. Makarantun boko biyu suka kira mu, cikin ladabi suka ce mu nema masa wani wuri. Da yake gidan haya muke zaune, kusan kowace yamma sai an kawo ƙararsa.

Mahaifiyarsa ce ta fi shan zargi. Dangi suka ce ta sangarta shi, maƙwabta suka ce ba ta kwaɓa. Shawarwari kuwa sun zo iri-iri. Wasu suka ce iska ce, a yi hayaƙi. Wasu suka ce a turo shi nan gida wajen kakarsa, wai ƙauye zai gyara shi. Wani aminin arziki ya ba mu kwatancen gidan mari. Mu kuma muka riƙe karin maganar nan da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muka ƙara yawan bulala. Abin da bulalar ta haifar shi ne ƙarya da ɓuya, domin ƙiriniyar ba ta ragu ba.

Wata malamarsa ta aji uku ce ta fara buɗe mana ido. Ta yi mako biyu tana rubuta abin da take gani, sannan ta kira mu. Ta ce yaron nan yana da fahimta, kuma in ya yi laifi nadamarsa ta gaskiya ce, amma bayan minti biyar sai ya maimaita, kamar wanda ba shi da birki. Ta roƙe mu mu kai shi asibiti. A daren nan muka tambaye shi dalilin da ya sa ba ya jin magana. Ya ce, “Baba, ina ji. Ina so in zauna, jikina ne ba ya yarda.”

Hanyar asibiti

Za mu faɗi gaskiya, hanyar ba gajera ba ce. Likitan farko da muka gani ya dube shi na ɗan lokaci ya ce ƙuruciya ce, zai bari. Bayan wata uku muka je wajen likitan yara a wani babban asibiti. Shi ne ya zaunar da mu ya yi ta tambaya: yadda aka yi goyon ciki, ko haihuwar ta zo da wahala, ko ya yi shawara yana jariri, yaushe ya fara tafiya da magana, ko ya taɓa suma ko jijjiga, yadda yake barci. Ya sa aka gwada jinsa da ganinsa da jininsa. Da komai ya fito lafiya, sai ya rubuta mana takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Takardar nan ta yi wata biyar a cikin akwati. Tsoro muke kada wani ya gan mu a can, a ce gidan wane akwai hauka, maganar ta bi yayyensa mata har ranar aurensu. Wannan jinkiri laifinmu ne, kuma yaron ne ya biya kuɗinsa, domin a cikin watannin nan ne ya faɗo daga kan bishiya ya karye a hannu. Da muka je, sai muka tarar da layin iyaye irinmu, ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai, kowa riƙe da hannun ɗansa. An ba mu takardar tambayoyi mu cike, an ba malamarsa irinta. Sai a zuwa na uku likita ya faɗa mana sunan abin: lalurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD. A lokacin yana shekara 9.

Abin da aka sani game da lalurar

Wannan lalura ba sabuwa ba ce, kuma ba ta 'ya'yan Turawa kaɗai ba ce. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayani a kan yaran da ke da cikakken hankali amma suke kasa riƙe kansu. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da ita. Ke nan a ajin da ke da ɗalibai 60, ba abin mamaki ba ne a sami uku. Tushenta yana cikin yadda sassan ƙwaƙwalwa masu kula da mai da hankali da danne sha'awa suke girma da aiki, kuma gado yana da babban kaso a ciki. Wasu daga cikin dattawan da ke zaune a sahun gaba za su iya ba da shaida a kan irin ƙuruciyar da uban wannan yaro ya yi a garin nan.

Sai dai a kula, ba kowane yaro mai rawar kai ne yake da lalura ba. Ƙiriniya ɗabi'ar ƙuruciya ce, kuma akwai yaran da rashin kwaɓa ne kawai ya ɓata su. Likitoci suna da ma'auni. Sai alamomin sun ɗauki aƙalla wata 6, sun fara bayyana kafin yaro ya kai shekara 12, ana ganinsu a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, sun kuma zarce na tsararrakinsa har suna cutar da karatunsa da zamansa da mutane. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta. Da tarihi da lura ake gane ta, shi ya sa bayanin uwa da na malami yake da daraja ƙwarai. Akwai kuma nau'in da babu ƙiriniya a cikinsa, sai yawan shagala da mantuwa. An fi kuskure wannan a wajen 'ya'ya mata, domin ba su damun kowa, sai dai a yi ta kiransu daƙiƙai.

Abubuwan da ke kama da ita

Dalilin da ya sa likitan yara ya fara da gwaje-gwaje shi ne, akwai cututtuka da dama da ke sauya halin yaro, wasunsu kuma sun yi yawa a yankinmu. Yaron da sanƙarau ko ciwon kunne mai ruwa ya rage masa ji, za a ce ba ya jin magana, alhali da gaske ba ya jin ta sosai. Wanda ba ya ganin allo zai yi ta tsokanar na kusa da shi. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san abin da ake ciki ba, sau da yawa a yini. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, da wahalar haihuwa, duk suna iya barin tabo. Yaron da ke minshari mai ƙarfi yana sarƙewa cikin dare ba ya samun barcin kirki, sai ya yini yana fitina.

Gubar dalma ma tana ciki. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da ba ta kai ta kashe ba tana iya dakushe fahimta ta kuma sauya hali, kuma ana samunta a wasu nau'o'in kwalli da tsohon fenti. Bayan cututtuka, akwai ciwon zuci. Yaron da iyayensa suka rabu, ko wanda ake cin zalinsa a makaranta, ko wanda wani babba yake lalata da shi a ɓoye, sau da yawa da halinsa yake kuka. In yaro mai natsuwa ya sauya farat ɗaya, a binciki abin da ya same shi kafin a ɗauki bulala.

Wata lalurar da ya kamata mu sani ita ce otizim, wadda ake kira galahanga a kafafen watsa labarai, ko da yake mutanenmu kan yi amfani da kalmar a kan lalurori daban-daban. Likita Leo Kanner ne ya bayyana ta a 1943 a Amurka, bayan ya yi nazarin yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 ne ke da ita. Alamominta kan fito da wuri: yaro ya shekara ɗaya ba ya gwalantu, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ya shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu, ko ya fara magana ta ɗauke. Wasu ba sa son haɗa ido, suna maimaita motsi iri ɗaya, ƙara ko sauyin tsari kan tayar musu da hankali. Ƙwararre na iya gane ta tun yaro yana shekara 2, kuma fara horo da wuri yana da amfani sosai. Kada a zauna jira da cewa nauyin baki ne irin na gidansu. Jita-jitar da ke danganta ta da allurar rigakafi kuwa ta samo asali ne daga wani rahoto na 1998 a Ingila, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010 bayan an gano maguɗi a cikinsa. Wani bincike a ƙasar Denmak da aka fitar a 2019, a kan yara fiye da 650,000, bai sami wata alaƙa tsakaninsu ba.

Abin da ya taimake mu

Abu na farko da aka gyara shi ne mu iyaye. An koya mana mu daina jero umarni uku daga tsakar gida. Sai mu je gabansa, mu kira sunansa, mu faɗi abu ɗaya, mu sa ya maimaita. An koya mana mu yaba masa nan take in ya yi daidai, komai ƙanƙantarsa. Wannan ya yi mana nauyi da farko, domin ba haka aka rene mu ba. Muka tsayar da lokacin barci da na abinci da na karatu. Aikin gida na makaranta muka raba shi minti goma-goma, da ɗan hutu a tsakani. Horo bai tashi ba, salonsa ne ya sauya: in ya karya doka ya san abin da zai rasa, yau da gobe iri ɗaya, daga uwa da uba baki ɗaya. Malamarsa ta dawo da shi layin gaba, ta ba shi aikin goge allo da raba littattafai, don ya sami dalilin tashi. Da yamma kuma ƙwallo.

Ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, irin wannan horon iyaye shi ake fara bayarwa kafin a yi zancen magani. Namu da yake ya wuce nan, likita ya ɗora shi a kan maganin da aka fi sani da Ritalin. Maganin ba ya warkar da lalurar, yana dai ba yaro damar tsayawa ya yi tunani na wasu sa'o'i. Yana iya rage cin abinci ya kuma hana barci, don haka ake auna nauyin yaro da tsayinsa da bugun jininsa a kai a kai. Da takardar likita kaɗai ake sayensa, kuma mun sha wahalar nemansa da tsadarsa. Muna jan kunnen 'yan'uwa da babbar murya: kada a je kemis a sayo maganin sa barci a ɗura wa yaro don a huta. Addu'a kuwa ba mu taɓa barinta ba, kuma babu likitan da ya ce mu bari. Mun haɗa ta da neman magani.

Yau yaron yana shekara 15, yana babbar sakandare. Har yanzu yana mantuwa, har yanzu akwai ranakun da muke kai ruwa rana. Amma shi ke gyara mana fanka da rediyo, yana da abokai, ya kuma daina ɓuya in ya ji sallamar mahaifinsa.

Maganar turo yaro gida

Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna birane. A da, yaro mai yawan motsi a garin nan yana da gona da kiwo da rafi, kuma kowane babba ubansa ne. A birni kuwa ɗaki biyu ne da aji mai cunkoso, ana so ya zauna sa'a shida. Birni ba shi ke kawo lalurar ba, fito da ita fili yake yi. Saboda haka in mun ɗauko yaro mun kawo wa tsohuwa mai shekara 70, mun raba shi da uwarsa da likitansa, mun kuma ɗora wa wadda ƙarfinta ya ƙare nauyin da mu masu ƙarfi muka kasa ɗauka. Hutu a gida alheri ne, ya san danginsa da asalinsa. Amma yaro yana gane bambancin ziyara da kora.

Game da gidan mari, ya isa mu tuna watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka gano irinsu a Daura da Katsina. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar gyara. Ba ma zagin waɗannan iyaye, domin mu ma an ba mu kwatance, kuma saura ƙiris mu bi. Gajiya da rashin sanin inda za a dosa ne ke kai mutum can. Masana sun tabbatar cewa yaron da ke da irin lalurar ɗanmu, in ba a kula da shi ba, ya fi sauran yara haɗarin barin makaranta da faɗawa shaye-shaye. Taimakon da aka yi masa yana shekara 7 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda za a nema yana shekara 17.

Wuraren zuwa suna nan. Akwai sassan yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Yaba ta Legas. Doka ma ta motsa: a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, a Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ga mai shirin zuwa, shawararmu ita ce a fara da likitan yara, uwa da uba su tafi tare, a riƙe katin rigakafi da sakamakon makaranta da rubutaccen bayanin malami. In abin yana zuwa ne lokaci-lokaci, a ɗauke shi a waya a nuna wa likita. In ba a gamsu da amsar farko ba, a nemi ta biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Roƙonmu ga ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muke miƙa buƙatu huɗu. Na farko, a cikin aikin duba marasa lafiya kyauta da akan shirya lokacin hutun salla, a sanya gwajin ji da gani ga 'yan firamare. Na biyu, 'ya'yan garin nan likitoci da ma'aikatan jinya da malaman ilimi na musamman su ware yini ɗaya a shekara su zauna da malaman firamare da na Islamiyya, su nuna musu alamomin da muka ambata. Na uku, a ware wani kaso daga asusun taimako domin kuɗin mota da na kati ga iyayen da aka tura babban asibiti daga nan gida, rassanmu na birane kuma su riƙa saukar da su. Na huɗu ba ya bukatar ko kwabo: mu daina jifan uwar irin wannan yaro da magana a gidan biki da gidan suna. In ba za mu iya riƙe mata shi na sa'a ɗaya ta huta ba, to mu yi mata shiru.

Iyayenmu sun ce ɗa na kowa ne. Mun daɗe muna fahimtar wannan magana a matsayin izinin kowa ya hukunta yaro. Muna roƙo mu ƙara mata da cewa kowa yana da alhakin tambayar abin da ke damunsa. Duk wanda yake da irin wannan yaro a gida, yana kuma son magana a asirce, ya same mu bayan an tashi, ko ya bi ta hannun sakataren reshensa.